Yadda Ake Gyaran Tankin Man Jirgin Ruwa Na Alminiyam Idan Ya Fara Yoyo

Tambayar da masu jiragen ruwa suka fi aiko mini ita ce: "Tankina yana yoyo, gam zan shafa ko walda zan kai?" Amsata kullum ita ce a dakata da duka biyun tukuna. Alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa mutane ke sakin jiki da shi. Amma yana da nasa ciwon. Duk inda ruwa ya kwanta a jikinsa kuma iska ba ta kai wa wurin, a nan yake fara rami, har ya huje. Mai ba ya cin tanki, ruwa ne ke cinsa. Wanda ya toshe huji bai gano inda ruwan ke kwanciya ba, zai sake buɗe daben jirginsa nan ba da jimawa ba. Ga yadda nake bin aikin daki-daki.

1. Kawar da haɗarin gobara

Da zarar ka ji warin fetur a cikin jirgi, kada ka tayar da inji, kada ka taɓa makunnin komai. Fitar da mutane, ka buɗe duk murafan daben jirgi iska ta ratsa. Sai warin ya ragu sannan ka cire wayar batir, ka fara da ta ɓangaren nagatif. Ajiye abin kashe gobara irin na mai kusa da hannunka, kuma ka sami mutum ɗaya ya tsaya a waje yana kallonka.

Gargaɗi: tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya ɓace, gangarawa yake yi ya kwanta a gindin jirgi. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Man dizal ya fi haƙuri, sai ya yi zafi sama da digiri 50 na ma'aunin Salsiyas yake ba da tururin da ke kamawa, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne, musamman idan an zo maganar walda.

2. Tabbatar tankin ne ke yoyo

Wannan matakin ne ya fi ceton kuɗi, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Sau da yawa tankin lafiyarsa lau, laifin na tiyo ne. Ɗauki tocila wadda ba ta tartsatsi da ƙaramin madubi, ka bi waɗannan wurare da farin tsumma:

Babban tiyon zuba mai, tun daga bakin dabe har wuyan tanki. Lanƙwasa shi kaɗan, idan ka ga tsattsagewa ko ya bar baƙi a tsumma, ya gama aiki. Sai tiyon numfashin tanki. Sai gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a ƙarƙashin gejin mai, wancan zagayayyen faifan mai sukurori biyar a saman tanki. Sai wurin da bututun jan mai ya shiga.

Lura da lokacin da warin ke zuwa. Idan sai an cika tanki fal ake ji, matsalar a sama take: tiyo, gasket ko saman tankin. Idan kuwa ko mai ya yi ƙasa ana ganinsa yana yawo a kan ruwan gindin jirgi, to hujin na ƙasa.

3. Kwashe man

Yi amfani da famfon hannu ko famfon da aka ƙera domin mai, ka zuƙe ta ƙofar geji zuwa jarkokin da aka yi domin ajiyar mai. Jarkokin su zauna a ƙasa, a wajen jirgi. Ragowar ƙarshe, wadda ta fito daga can gindin tanki, zuba ta a kwalba mai haske ka ajiye ta minti goma. Idan ruwa ya kwanta a ƙasa, ko ka ga baƙin yauƙi, ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa a mataki na 6.

Gargaɗi: kada ka kuskura ka zuƙi fetur da injin shara mai zuƙa, ko da famfon da ake juyawa da injin huda. Motocin cikinsu tartsatsi suke yi. Kada kuma ka ja da baki.

4. Gwajin iska

Toshe bakin zuba mai, da na numfashi, da na jan mai, ka bar ƙofa ɗaya da za ka haɗa famfon keke da geji mai karanta ƙaramin matsi. Yawancin tankuna suna da tambari a sama mai nuna sunan maƙera, yawan lita, irin ƙarfen da matsin da aka gwada su. Wanda aka saba gani shi ne psi 3 (psi ma'aunin matsi ne), kusan kilofaskal 21, kuma shi ne mafi ƙarancin da dokar jiragen ruwa ta Amurka ta gindaya. Kada ka wuce abin da tambarin ya ce.

Idan ba ka da geji, samo dogon tiyo mai haske, ka lanƙwasa shi kamar harafin U, ka zuba ruwa a ciki, ka haɗa baki ɗaya da tanki, ɗayan ka ɗaure shi sama a buɗe. Idan tazarar ruwan ɓangarorin biyu ta kai mita 2.1, ka kai psi 3. Na fi son wannan hanyar, domin idan ka yi gangancin ƙara iska, ruwan ne zai yi tsalle ya fita kafin tankin ya ji jiki.

Yi alama, ka jira rabin awa. Idan matsi ya sauka, kaɗa ruwan sabulu ka shafa da buroshi a kan kowane layin walda, kowace mahaɗa, da kewayen geji. Inda kumfa ya riƙa tasowa, nan ne. Idan matsi na sauka amma ba ka ga kumfa a inda hannu ke kai wa ba, hujin yana ɓoye a ƙasa ko a gefe, sai an fito da tankin. Yi gwajin a inuwa, domin rana na ɗumama iskar ciki ta ruɗa maka karatu.

Gargaɗi: kada ka haɗa tanki da babban injin iska na gareji. Psi 3 kamar ba komai ba ne a ido, amma a kan bango mai faɗin murabba'in mita ɗaya nauyin da yake turawa ya kai tan biyu. Ƙari kaɗan zai kumbura tankin ya tsinke shingayen da ke cikinsa.

5. Fito da tanki

Kafin ka kwance komai, ɗauki hotuna da wayarka, ka manna wa kowane tiyo da kowace waya alama. Idan jirgin na da murfin dabe mai sukurori a saman tanki, ka yi sa'a. Idan babu, sai an yanka daben, kuma a nan ne yawancin wahalar take. Auna kaurin daben, ka saita zurfin zarto yadda ba zai taɓa tanki ko wayoyi ba, kuma kada ka fara yanka sai tankin ya zama fanko, an ɗauraye shi, wari ya ɗauke gaba ɗaya daga jirgin.

Idan an zuba wa tankin soso mai kumbura a kewaye, za ka sha aiki. Yanka soson da zarton hannu ko doguwar wuƙa, a hankali, kana cire shi gunduwa-gunduwa. Matsa gunduwa ɗaya daga ƙasa da hannunka. Sau da yawa ruwa ne zai tsiyayo, wani lokaci haɗe da mai. Duk soson da ya sha mai a fitar da shi, ba a mayar da shi.

Kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓari tanki ta gefe. Zura igiya mai faɗi ta ƙarƙashinsa ku ɗaga tare.

6. Wanke shi, ka karanta ramukan

Wanke ciki da waje da ruwan zafi da sabulun wanke maiƙo, sau da yawa, har wari ya tafi. Sannan ka goge jikinsa da buroshin ƙarfe marar tsatsa, wato sitenles, sabo fil wanda bai taɓa taɓa wani ƙarfe ba.

Gargaɗi: ban da soda mai ci, ban da bilic, domin dukansu suna cin alminiyam. Ban da buroshin baƙin ƙarfe ko na tagulla, ban da soson ƙarfe. Ɓurɓushin da suke bari yana maƙalewa ya zama tushen sabon rami.

Yanzu ka zauna ka dube shi da kyau, kada ka yi sauri. Tanki yana faɗa maka abin da ya kashe shi idan ka san karatunsa.

Na taɓa fito da wani tanki da samansa ke ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi, har mai jirgin ya fara cewa mun yanka dabe a banza. Da muka kifa shi, sai ga layuka biyu farare sun ratsa gindinsa, daidai inda ya zauna a kan baƙar roba. Farin abin kamar jiƙaƙƙen alli, yana manne wa yatsa. Na kankare shi da wuƙa, na dafa bakin ƙusa a ɗaya daga cikin ramukan, ban ma danna da ƙarfi ba ta shige. A kan layi ɗaya kawai mun ƙirga ramuka fiye da goma, guda ɗaya ne ya riga ya huje, sauran suna kan hanya.

Ga abin da kowane irin rami ke nufi. Ramuka a jere, a ƙarƙashin ɗamara, roba, katako ko soso: ruwa ne ya maƙale a wurin da iska ba ta shiga. Alminiyam yana kare kansa da wata siririyar fata da yake yi idan ya haɗu da iska, idan aka toshe masa iskar kuma aka jiƙa shi, fatar ba ta sake fitowa. Baƙar roba ta fi muni saboda yawanci akwai garin gawayi a haɗinta, shi kuma yana jan alminiyam ya narke. Katakon da aka jiƙa da maganin gara mai jan ƙarfe shi ma haka.

Cin da ya zagaye mahaɗar tagulla, ko rami ɗaya mai zurfi a saman tanki inda wani guntun wayar jan ƙarfe, kwabo ko wosha ya faɗa ya kwana: rikicin ƙarafa biyu ne a cikin danshi, kuma alminiyam ne kullum ke shan kashi.

Ramukan da suka faro daga ciki, a mafi gangaren gindin tanki: ruwa ne a cikin man. Tuna kwalbar da ka ajiye. A tankin dizal, wasu ƙananan ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani suna rayuwa a tsakanin ruwa da mai, su ne baƙin yauƙin nan, kuma suna fitar da sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe. A tankin fetur mai haɗin itanol, wani nau'in barasa da ake gauraya wa fetur, itanol ɗin yana shan ruwa har ya ƙoshi, sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasa tare.

Tsagewa a kan layin walda ba tare da farin gari ba: wannan ba ci ba ne, girgiza ce, tankin bai zauna daram ba.

Zagaye kowane rami da alƙalami, ka auna zurfinsa da bakin allura ko ma'auni. Idan ka sami mai na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti, ya zaga maka gindin gaba ɗaya.

7. Faci, walda ko sabo?

Ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta amince da alminiyam lamba 5052, 5083 ko 5086, mai kaurin da bai gaza inci 0.090 ba, wato kusan milimita 2.3. Ka ga ba wani kauri ne da shi ba tun asali. Ramin da ya ci rabinsa ya bar maka abin da bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba tsakanin fetur da gindin jirginka.

Ra'ayina shi ne: idan lalacewar a wuri ɗaya take, sauran jikin garau, a yanke wurin a yi walda. Idan gindin ne kaɗai ya ci amma gefuna da sama lafiya, ƙwararren mai walda zai iya yanke gindin duka ya sa sabo. Idan ramuka sun bazu a fuska biyu ko fiye, ko sun faro daga ciki, a yi sabon tanki. Idan kuma na fetur ne da ke binne a ƙarƙashin dabe, ina karkata ga sabo ko da ramukan ba su da yawa.

Wajen lissafin kuɗi, mutane suna kwatanta kuɗin walda da kuɗin sabon tanki su tsaya nan. Ba nan kuɗin yake ba. Babban kashin yana tafiya ne a yankan dabe, mayar da shi, faiba (ƙyallen zaren gilashi da ake haɗawa da gam), fenti da kwanakin da jirgi zai yi ba ya aiki. Wannan kuɗin za ka biya shi ko tsohon tanki ka mayar ko sabo, kuma idan facin ya saki za ka biya shi sau biyu. Idan za ka ba da aikin sabo, ka nemi kauri milimita 3 ko sama, ka rage tsayinsa kaɗan don a sami sararin iska a ƙasa. Akwai kuma tankunan roba mai tauri da ake ƙerawa domin mai, ba sa ci ko kaɗan, sai dai suna zuwa da girma ƙayyadadde kuma suna ɗan kumbura bayan sun sha mai na farko, don haka ana bar musu sarari.

8. Idan walda ce

Wannan ba aikin gwaji ba ne. Kai wa wanda ya saba da waldar alminiyam da injin TIG ko MIG da iskar argon, kuma wanda ya taɓa aikin tankin mai. Tambaye shi yadda yake fitar da tururi kafin ya kunna wuta. Idan ya ce ɗauraya ɗaya ta isa, ɗauki tankinka ka tafi.

Gargaɗi: tanki fanko ya fi cikakke haɗari. Mai yana ɓuya a bayan shingayen ciki da cikin ramuka, zafin walda ya tashe shi. Ana wanke shi da tururin ruwan zafi ko ruwan sabulu sau da dama, a auna da na'urar gano gas, sannan a riƙa hura masa argon ko iskar kabon dayoksaid a ciki muddin ana aiki, ƙofofinsa a buɗe. Tankin dizal ma haka ake yi masa. Ba a walda tanki yana cikin jirgi.

A yanke wurin da ya lalace har sai an kai ga lafiyayyen ƙarfe, kusurwoyin yankan su zama masu lanƙwasa. Falle sabo ya zama irin ƙarfen tankin da kaurinsa, sandar walda kuma lamba 5356, wadda ta dace da wannan dangin. Kada a yarda a ɗora falle a kan ruɓaɓɓen wuri a zagaye shi da walda. Cin zai ci gaba a tsakaninsu inda ba mai gani. Kuma cike rami ɗai-ɗai da walda ba ya cika yin kyau, domin dattin da ke cikin ramin yana tafasowa ya bar ƙananan ƙofofi. A goge wurin da asiton, wato ruwan sinadarin cire maiƙo, da buroshin sitenles dab da fara aiki, saboda fatar nan ta alminiyam sai ta kai kusan digiri 2,000 take narkewa, shi kuwa ƙarfen a wajen 660.

9. Idan gam ne

Gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu yana da amfani a wurare biyu: cike ramukan waje da ba su huje ba, da toshe ƙaramin huji a tankin dizal har a samu damar gyara na gaskiya. A tankin fetur na cikin jirgi ban yarda da shi a matsayin gyaran dindindin ba.

Duba kwalin ka tabbatar an rubuta yana jure mai. Kankare ramin har ƙarfe ya yi fari tas, ka goge da asiton, ka murza kewayen da samfefa lamba 80 kamar faɗin tafin hannu, ka sake gogewa. Daga nan kada ka ɓata lokaci, fatar tana dawowa nan da nan. Shafa gam siriri, ka murza shi da samfefa yana ɗanye don ya kama sabon ƙarfe kai tsaye, sannan ka cike ramin da mai kauri, ka ɗora ƙyallen faiba ka sake shafewa. Bar shi ya bushe iya kwanakin da kwalin ya ce kafin mai ya taɓa shi.

Kurakuran da na fi gani: shafa gam a kan wurin da mai ke tsattsafowa, haɗa shi da ido ba da awo ba, da amfani da silikon, wanda fetur ke kumburawa ya saki. Ruwan gam da ake zubawa cikin tanki a jujjuya ma ina guje masa. Shingayen ciki suna hana shi kai wa ko'ina, kuma ranar da ya fara ɓarewa zai toshe bututun mai, inji ya mutu a tsakiyar ruwa.

10. Sake gwaji, sannan fenti

Maimaita gwajin mataki na 4 kafin fenti ya rufe komai, kana shafa ruwan sabulu a duk fuskokin shida. Ɗauraye sabulun sosai.

Fenti na taimakawa idan an yi shi daidai: a wanke maiƙo, a murza, a shafa share-fagen da aka yi domin alminiyam, sannan fentin ifoksi shafi biyu ko uku. Fentin da bai kama ba ya fi rashin fenti illa, domin ruwa zai shige ƙarƙashinsa ya maƙale. Kada fentin gindin jirgi mai jan ƙarfe ya kusanci tankin. Kada a shafe tambarin maƙera ko kunnen da ake ɗaura wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar lantarkin da ke taruwa a jikin tanki.

11. Zaunar da tanki yadda zai sha iska

A nan ne ake sayen shekarun tanki, don haka kada gajiya ta sa ka yi aikin gaggawa.

Fara da gurbin. Cire duk jiƙaƙƙen soso da ruɓaɓɓen katako. Idan katako ne shimfiɗar, a lulluɓe shi da faiba ta kowace fuska har da gefuna. Buɗe ƙofofin magudana a mafi gangaren gurbin, ka zuba bokitin ruwa ka tsaya ka ga ya fice duka. Idan ya kwanta a wani lungu, gyara shi yanzu.

Yanko sanduna na faiba ko roba mai tauri wadda ba ta shan ruwa, kauri milimita 6, faɗi santimita 5. Jera su a gindin tankin da tazarar kusan santimita 30, yadda ba za su tare wa ruwa hanya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a manna su a jikin tankin, ba a jikin shimfiɗa ba. Murza inda za su zauna, ka goge, ka shafa gam mai ƙarfi irin 3M 5200 a duk fuskar sandar ba tare da barin ko ɗigon fili ba, ka danna har gam ya fito ta kowane gefe, ka shafe gefunan da yatsa. Manufar ita ce kada a sami ko siririn sarari da ruwa zai shiga tsakanin sanda da alminiyam. Irin wannan gam na iya ɗaukar mako guda kafin ya gama kamawa, ka ba shi lokacinsa.

Haka za ka yi wa duk inda ɗamara ko katakon tokare zai taɓa tankin, a sama ko a gefe. Tankin ya zauna daram ba motsi, amma iska na zagaya shi ta ko'ina, kuma kada daben jirgi ya ɗora nauyinsa a kai.

Gargaɗi: kada ka sake zuba soso mai kumbura don ya riƙe tankin. Da farko yana kamawa gam, amma tanki na buɗewa da tsukewa da zafi da sanyi, jirgi kuma na dukan igiyar ruwa. A hankali soson zai saki ya bar siririn sarari, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Kada kuma ka shimfiɗa tsohuwar taya, tiyob, kafet ko buhu.

Idan ka zo rufe dabe, ka sa murfin dubawa a saman geji da mahaɗan tiyo, mai zoben roba da ke hana ruwa. Dube shi da kyau: murfin da ke ɗiga a kan tanki shi ma yana huda shi daga sama.

12. Mahaɗai, tiyo da wayar ƙasa

Kada tagulla ko jan ƙarfe su taɓa tankin kai tsaye. Yi amfani da mahaɗan alminiyam ko na sitenles, idan kuma dole sai ta tagulla, a sa guntun sitenles a tsakani. A kan zaren mahaɗa shafa man toshiya da ke jure mai. Farin tef na masu famfo yana yagewa ya shiga layin mai.

Tunda ka riga ka buɗe, canza tiyo duka da gasket ɗin geji. Nemi tiyon da aka buga wa A1 domin layin mai, A2 domin na zubawa, ko mai lambar ISO 7840. Babban tiyon zubawa kilif biyu na sitenles ake sa masa a kowane baki.

Haɗa waya daga kunnen tanki zuwa bakin zuba mai idan na ƙarfe ne, da kuma zuwa wayar ƙasa ta jirgi. Ita ce ke kwashe wutar da gogayyar mai ke tarawa lokacin zubawa. Auna turjiyar haɗin da mitar lantarki, ƙa'idar ABYC ba ta yarda ta wuce om ɗaya ba. Kada a cusa bakin wayar ƙarƙashin tiyo a matse da kilif, hanyar yoyo ce. Idan ka gama, sake gwada iska da komai a haɗe, sannan ka share saman tankin tas, kada guntun waya ko sukuru ɗaya ya rage.

13. Hana ruwa shiga ciki

Ɗan hakin da aka fi rainawa shi ne zoben roba na murfin zuba mai. Idan ya bushe ya tsage, duk ruwan sama da na wankin dabe cikin tanki yake sauka. Duba shi duk bayan 'yan watanni, ka shafa masa ɗan giris, ka canza shi da zarar ya taurare. Tiyon numfashi kuma ya yi lanƙwasa sama kafin ya gangaro, bakinsa na waje ya kalli baya da ƙasa don kada feshin ruwa ya shiga.

Sa matatar da ke raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, ka riƙa duba ta. Akwai wani man gwaji da ake shafawa a bakin sanda a zura har gindin tanki, yana canza launi idan ya taɓa ruwa. Idan ka ga ruwa, zura siririn tiyo ta ƙofar geji zuwa mafi gangaren lungu ka zuƙe shi da famfon hannu. Ga masu dizal, maganin kashe ƙwayoyin mai yana aiki, amma sai an fara cire ruwan, kuma ka tanadi matata ta canji domin matattun za su toshe ta farko.

Idan jirgi zai daɗe a ajiye, cika tankin ya kusa baki, ka bar ɗan sarari na kumburin mai, don rage iskar da ke shiga da raɓa. Fetur mai itanol kuwa kada ya yi watanni a tanki ba tare da maganin adana shi ba.

Sau ɗaya a shekara, buɗe murfin dubawa, ka zura madubi da tocila ƙarƙashin tankin, ka shafa gefen sandunan da yatsa. Idan ya fito da danshi, bi magudanar ka buɗe ta. Idan ya fito da farin gari, kankare wurin a ranar, ka auna zurfinsa, ka rubuta a littafin jirgi don ka kwatanta da na baɗi.